Shuɗiya Ba Ta Son Ƙasa

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya gwiwa, yaya lambu? Ni dai na iso lafiya. Makarantar ƙaro ilimin ungozomomin nan babba ce, an ba mu ɗaki ni da wata, tagarmu tana kallon bangon ɗakin wanki, ko ciyawa ba a gani. Tunda kunnenka ya ƙi shiri da waya, na yi magana da direban da ya kawo ni, zai riƙa ajiye maka takardata a wurin mai shagon unguwarmu, taka kuma ka ba direban ya kawo mini.

Shekara guda ce fa, Kawu, ba ƙaura na yi ba, ka daina gaya wa mutane na gudu na bar ka. A nan da aka tambaye ni wa na bari a gida, cewa na yi babana. Ban tsaya bayanin cewa kakata da mahaifiyarka ne suka fito ciki ɗaya ba, zancen zai yi tsawo.

Yanzu ga maganar furannina guda biyar da na rataye a baranda. Na gaya maka da baki, amma na san lokacin hankalinka yana kan albasarka. Sunansu vanda. Ba sa zama a ƙasa. Can asalinsu a jikin bishiya suke maƙalewa, shi ya sa ka gan su cikin ƙananan kwandunan katako babu komai a ciki, saiwoyinsu suna reto a iska. Haka suke so. Kullum da safe ka jiƙa saiwoyin sosai, za ka ga sun tashi daga fari-fari sun koma kore, to sun ƙoshi ke nan. Kada ruwa ya kwanta a ƙoƙon da ke tsakiyar ganye, can saman, nan ne ransu yake. Suna son hasken safe, amma ranar tsaka tana ƙona su. Garin takin da ke cikin kwalba, ɗan kaɗan a bokiti, sau ɗaya a mako.

Ta ƙarshen nan ta kusa da ƙofarka ita ce Shuɗiya. Ka tuna matar da na kwana biyu a kanta kafin ta sauka lafiya? Ita ta ba ni ita, lokacin ba ta fi ɗan yatsa ba. Shekara shida ina renonta ba ta taɓa fure ba, amma bana ganyenta ya yi yawa, ina sa rai.

Ɗanka, Yaya Injiniya, ya ce kada in ɗora maka aiki. Na ce masa duk garin nan babu hannun da na yarda da shi kamar naka. Ka riƙe su kamar naka, Kawu.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata Ungozoma,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, idan na durƙusa sai na yi shawara da ita kafin in tashi. Lambu alhamdulillahi, latas ya yi kyau, tumatir ne dai tsutsa ta sa a gaba.

Masu gemunki suna gaishe ki. Haka nake kiran su, don ban iya wannan sunan naki ba, kuma duk wanda ya ga saiwoyin nan sun zubo har kusan ƙirjina ya san gemu ne. Kullum bayan na idar da sallar asuba nake ba su ruwa, kafin ma albasata ta sha. Gaskiya kika faɗa, suna komawa kore ina tsaye ina kallo. Ranar farko har na kira mai shago ya gani, ya ce sihiri ne. Na ce masa sihirin da ya sani bai wuce na mudu ba.

Amma 'yata, bari in gaya miki abin da ke raina. Shekara arba'in da wani abu ina noman lambu, ban taɓa ganin an yi wa shuka irin wannan horo ba. An rataye baiwar Allah a ƙugiya kamar riga, babu ƙasa, babu taki sai wannan garin da ko cokali bai cika ba. Idan iskar yamma ta taso saiwoyin suna kaɗawa, wallahi tausayi suke ba ni. Wadda kike kira Shuɗiya kuwa, ni ban ga shuɗi a jikinta ba, kore ce kamar kowa. Shekara shida babu fure? Ai ko ni aka bari da yunwa haka ba zan yi fure ba.

Yayanki Injiniya ya zo ƙarshen makon jiya da maganarsa ta kullum. Wai in rufe gida in koma wurinsa, ya gyara mini ɗaki a benen da suke haya, hawa na uku. Ya zagaya gidan nan yana taɓa abubuwa kamar mai neman laifi. Ya ga na bar buta a kan wuta ta ƙone, shi ke nan ya samu abin faɗa: Baba ka fara mantuwa, Baba ba ka iya kula da kanka, balle wani abu. Na ja shi baranda na nuna masa masu gemu, na ce wanda bai iya kula da komai ba ne aka bar wa waɗannan? Na ce masa ni ba tantabara ba ce da za a ɗora ni a sama. Inda babu ƙasar da zan tona, ba na zama.

Ki yi karatu da kyau. Ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Kawunki.

*

Zuwa ga 'yata Ungozoma,

Assalamu alaikum. Shiru ban ga amsa ba, direba ya ce an tura ku wani ƙaramin asibiti can nesa da hanya, sai kun dawo zai ba ki takardun. Allah ya taimaka. Ni lafiya lau nake, har na fi da.

Albishirinki. Kin ce in riƙe su kamar nawa, to na riƙe Shuɗiya kamar tawa. Na daɗe ina juya abin a raina, ranar nan dai na ce ba zan ƙara kallon wannan wahalar ba. Na samo babbar tukunyar nan ta ƙasa da ke bayan ɗakin girki, na fasa mata ƙofa a gindi. Na ɗebo ƙasa daga kunyar da ta fi kowace kyau a lambuna, baƙa wuluk, wadda ko ɗan'uwana ba na ba shi. Na tankaɗe ta, na gauraya da tsohon takin kaji da ya huce tun bara. Sannan na sauko da ita daga ƙugiya, na nannaɗe saiwoyin a hankali kamar ana naɗe wa jariri zane, ko ɗaya ban karya ba, na kwantar da su na rufe. Na ba ta ruwa ta sha ta ƙoshi.

Da kin gan ta! Ta zauna daram kamar mai gida, ba wannan lilon na da ba. Ganyen har wani sheƙi yake yi. Damina kuma ta kankama, na fito da ita tsakar gida tana shan ruwan sama tare da sauran shukokina.

Sauran huɗun ban taɓa su ba tukuna. Na ce bari mu ga yadda wannan za ta yi, idan ta yi fure kafin ki dawo sai in yi musu su ma. Ina so ki shigo gidan nan ki tarar da shuɗin da kike ta jira. Kada ki gode mini, aikina ne.

Kawunki.

*

Kawu,

Yau na dawo daga ƙauye na tarar da takardunka biyu. A tsaye na karanta ta biyun, ina rubuta wannan direba yana jira a bakin ƙofa.

Don Allah ka ciro ta yanzu, yanzun nan, kada ka jira gobe. Ka wanke ƙasar duka ka mayar da ita ƙugiya. Saiwar vanda da iska take numfashi, idan aka binne ta ruɓewa take yi. Ga takin kaji, ga ruwan sama a ƙoƙonta! Na rubuta maka ba sa zama a ƙasa, da hannuna na rubuta. Abu ɗaya na roƙe ka, Kawu, ɗaya tak. Shekara shida! Da na san haka za a yi da mai shago na bar wa, shi ko ba komai ba zai taɓa su ba.

Kada ka taɓa sauran.

'Yarka.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina kwana, yaya jiki, yaya gwiwa? Direba ya zo har sau uku hannunsa babu komai. Na tambaye shi ko ya gan ka, ya ce ya hango ka a ƙofar gida zaune, ka ɗaga masa hannu kawai. Kai da ba ka barin mutum ya wuce sai ka tsokane shi.

Na sake tuna abin da na rubuta maka, kunya ta kama ni. Ko gaisuwa ban yi ba. A ranar na fito ne daga wani aiki da bai zo da sauƙi ba, jaririn bai zo da rai ba, ina shigowa ɗaki na buɗe takardarka. Ba hujja nake kawowa ba, ina gaya maka ne kawai. Maganar mai shago kuwa baƙin ciki ne ya faɗe ta. Mutumin da ko tsintsiyar shagonsa ba ya iya adanawa, shi zan ba amana in bar ka?

Jiya matar Yaya Injiniya ta kira ni tana murna, wai ka amince za ka koma wurinsu, har an fara neman wanda zai karɓi gidan haya. Na ce mata ƙarya ne, Kawuna ba zai bar lambunsa ba. Ta ce da bakinka ka aika a gaya musu. Tun jiya abinci ya ƙi shiga mini. Idan saboda takardata ne, Kawu, ka yi wa Allah ka janye. Fure ne fa. Ko duka biyar ɗin suka mutu ba su kai kunya ɗaya ta albasarka ba a wurina, in dai kana cikin gidanka.

Ka rubuto mini ko zagi ne.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ba fushi nake yi ba, kuma ba zan zage ki ba. Rasa abin rubutawa na yi.

Kafin takardarki mai zafin nan ta iso, ni na riga na gani. Ganyen ƙasa ne ya fara yin rawaya, na ce sabon wuri ne, za ta saba. Na ƙara mata ruwa. Sai suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, da na taɓa sai ganye ya biyo hannuna. Ranar da na sunkuya na ji wari, na san warin, irin na albasar da ruwa ya kwanta mata. Na juye tukunyar. Saiwoyin nan masu kauri da nake jiƙawa suna komawa kore, sun zama baƙaƙe, na matsa ɗaya ta fashe da ruwa, sai wani zare ya rage a hannuna. Na zauna a ƙasa a wurin, na daɗe ban tashi ba.

Washegari takardarki ta zo. Ban ga laifinki ba, ko kalma ɗaya ba ki yi ƙarya ba. Kin rubuta, na karanta da tabarau a idona, na gane sarai, sannan na ce na fi ki sani. Shuka ta sha mutuwa a hannuna, ta fari, ta tsutsa, ta ambaliya. Amma ban taɓa kashe wata da hannuna ina murna ba sai wannan. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ita na nuna wa Injiniya na rufe masa baki. Da ya dawo ya ga tukunya a kife, ya ga abin da ya rage a rataye, bai ce komai ba. Da ma ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa na ce masa to. Mutumin da ya ƙona buta ya kashe amanar da aka bar masa, me zai tsaya yana gardama a kai?

Ga yadda take yanzu, tunda taki ce, ya kamata ki sani. Na wanke ta, na mayar ƙugiya. Ganye huɗu suka rage a sama. Saiwa biyu ne kawai ba su yi laushi ba, su ma rabinsu baƙi ne. Karan daga ƙasa ya yi duhu kamar tsawon ɗan yatsa. Ban ƙara yi mata komai ba, tsoron hannuna nake ji. Sauran huɗun suna nan lafiya, har mai ruwan hoda ɗin nan ta fito da wani tsinke mai ƙulle-ƙulle, ina jin fure ne. Zan bar su wurin mai shago idan zan tafi, kamar yadda kika ce.

Ki yafe mini.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da na ga rubutunka. Na karanta ina kuka, abokiyar ɗakina ta ɗauka rasuwa aka yi.

Babu abin yafewa, amma tunda ka nema, na yafe, kai ma ka yafe mini. Kuma ban ce ka kai su wurin mai shago ba, na janye wannan maganar tun a waccan takardar, kada ka riƙe ni da ita.

Kawu, ganye huɗu a sama ba mutuwa ba ne. Ka leƙa cikin ƙoƙon. Idan ƙaramin ganyen tsakiya kore ne, kuma ka ja shi kaɗan bai biyo ka ba, tana da rai. Amma baƙin nan na kara hawa yake yi, idan aka bar shi zai kai sama. Dole a yanke, kuma ba ni nan, kai za ka yi. Ka ɗauki wuƙar auren bishiyarka, ka gasa bakinta a wuta ta huce. Ka yanke duk saiwar da ta yi laushi. Ka yanke karan daga ƙasa kaɗan-kaɗan, kana duba wurin yankan, har sai ka ga fari tas babu ɗigon baƙi. Ka barbaɗa garin kirfa a kan yankan kawai, kada ya taɓa saiwa. Ka rataye ta a inuwa mai haske inda iska ke wucewa, da safe ka fesa mata ruwa. Babu taki ko kaɗan. Daga nan sai haƙuri, za ta iya yin wata biyu ba ta nuna komai ba.

Ka ce kana tsoron hannunka. Ni na ga hannun nan yana aura lemo a jikin wani lemon ya kama.

Maganar tafiya kuma, don Allah ka dakata har in dawo. Na kira Yaya Injiniya mun yi cacar baki, ya ce ban san komai ba, ya kashe waya. Me ban sani ba?

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata Ungozoma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu kuma ya kusa ƙarewa. Na san kin ji shiru mai tsawo, har kin aiko takarda biyu wurin mai shago suna jirana. Sai makon nan aka kawo mini su. Daga hawa na uku nake rubuto miki.

Kada ki ɗora wa kanki. Abin da yayanki ya ce ba ki sani ba, ni na hana a gaya miki don kada karatunki ya lalace. Bayan na aika miki takardata ta ƙarshe da 'yan kwanaki, ina ban ruwa da hantsi gwiwar ta sake ni, na faɗi tsakanin kunyoyi. Ban ji ciwo sosai ba, tashin ne ya gagara. Ina kwance ina kallon ganyen karas daga ƙasa har rana ta take, sai da matar maƙwabci ta leƙo neman aron turmi. Da ma ina shirin janye maganata kamar yadda kika roƙa. A kwancen nan na san ba zan janye ba. Saboda haka ba ke kika kore ni ba, ba kuma Shuɗiya ba ce.

Ranar tafiya ban yi jarumta ba, gaskiya zan gaya miki. Wanda ya karɓi gidan mutumin kirki ne, amma ya ce mota zai riƙa ajiyewa a inda lambun yake. Na shiga na zagaya, na raba wa maƙwabta abin da ya nuna, na fito ina share ido da hular kaina a gaban yara. Kayanki suna nan an adana miki a ɗakin ajiyar yayanki, babu abin da ya ɓata.

Masu gemu kuwa ban kai su wurin mai shago ba. Injiniya ya ce babu wuri a mota. Na ce to ni ma babu wurina. A bayan mota muka ɗaura igiya daga wannan taga zuwa waccan, muka rataye su, na zauna a ƙarƙashinsu gemu yana shafar fuskata har muka iso. Duk inda muka tsaya sai an taru ana kallonmu.

Nan akwai wata 'yar baranda, tabarma ɗaya ta cika ta, amma gabas take kallo. Na sa an buga ƙusoshi. Satin farko mun sha rigima da matar da ke ƙasa da mu, don ruwan da nake jiƙa su yana ɗiga a kan shanyarta. Ta hau har sama tana faɗa, ni kuma kin san kunnena, ina ta ce mata lafiya lau, na gode. Yanzu surukata ta ba ni babban baho, a ciki nake tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Mai ruwan hodar ta buɗe, fure tara a tsinke ɗaya, kowanne ya kai tafin hannun yaro. Matar ƙasan da ta zo faɗa ita ce yanzu take kawo baƙinta su gani.

Saura labarin Shuɗiya. Na yi yankan tun kafin mu taso. Sau uku ina ɗaukar wuƙa ina ajiyewa. Na yanka, baƙi. Na ƙara, baƙi. Sai da na kusa isa saiwar ƙarshe sannan na ga fari. Abin da ya rage a hannuna bai fi tsawon cokali ba, na ce shi ke nan na ƙarasa ta. Ta ƙara zubar da ganye ɗaya a hanya, saura uku. Ta daɗe a rataye kamar busasshen abu, surukata har ta tambaya ko a zubar. Shekaranjiya ina fesa mata ruwa na ga wani ɗan ƙullutu ya fasa jikin karan, tsakanin ganye biyu. Na ɗauko tabarau. Saiwa ce sabuwa, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, bakinta kore shar. Na kira duk mutanen gidan, jikokina suka duba suka ce ba su ga komai ba. Yau ta ƙara tsawo.

Na san na mayar da ke baya. Furen da kike sa rai bana, wataƙila sai bayan wasu shekarun, kuma ban san ko zan gan shi ba.

'Yata, tun da kika zo gidana ban taɓa roƙonki komai ba, ko ruwan sha ni nake ɗebo abina. Yau zan roƙa. Idan kin dawo kin kama ɗakinki, ki zo ki kwashe huɗun nan masu lafiya, naki ne, na riƙe miki su iyakar iyawata. Amma ki bar mini Shuɗiya. Na san ita kika fi so, na san kuma ni ne na yi mata wannan aika-aikar, ban da bakin nema. Sai dai a benen nan kowa yana fita da safe, a dafa mini, a wanke mini, a ce Baba zauna ka huta. Babu abin da yake jirana in tashi sai ita.

Idan ba za ki iya ba, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo da ke lafiya.

Kawunki.